Rawa a Ƙasar Hausa: Kowace Sana'a da Irin Tata

A da, idan kaka ta yi, aka gama girbin masara da dawa, sai a ji ganga tana tashi a ƙasar Birnin Gwari. Daga Magajin Gari har ƙauyukan cikin daji, samari da 'yan mata sukan hallara a dandali da farin wata. Yara da yawa da suka taso a shekarun rashin tsaro ba su ga haka ba. Saboda haka yana da kyau a san yadda rawa take, da ire-irenta, da tarihinta.

Yadda rawa take

Rawa ita ce motsa jiki bisa bin kiɗa ko tafi. Mai rawa yana bukatar abu uku. Na farko kunne, don ya ji abin da ganga take faɗa. Na biyu ƙafa, don takunsa ya zo daidai da kiɗa. Na uku juyi, wato yadda zai sarrafa kafaɗa da hannu da ƙugu. Makaɗi ne jagora. Shi ya sa Hausawa suke cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ire-iren rawa

A ƙasar Hausa rawa tana bin sana'a. Manoma suna da gangar noma. Ana kaɗa musu ita wurin gayya, su riƙa noma suna takawa, gajiya ta ragu. Mahauta suna da kalangu, shi ake kaɗa wa 'yan dambe. Maƙera suna da dundufa. Maharba suna da komo, kuma a rawarsu sukan kwaikwayi yadda ake sanɗar nama a daji. 'Yan tauri kuwa da wuƙaƙe suke rawa. Gwanin sana'a yakan sami takensa. Da ya ji an kaɗa, sai ya miƙe ya yi kirari.

Mata ma suna da tasu. 'Yan mata suna yin gaɗa, ba ganga, sai tafi da waƙa. Ɗaya ta shiga tsakiya ta faɗo da baya, sauran su tare ta. Matan aure suna kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar biki ko suna. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi fice a wannan kiɗa.

Ɗan tarihi

Rawa ta daɗe a ƙasar Hausa. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ana rawar sana'a da rawar bori. Shehu da malamansa sun yi wa'azi a kan bori, sun kuma hana cakuɗuwar maza da mata wurin kiɗa. Duk da haka kiɗan sana'a da na fada da na mata a cikin gida bai mutu ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, rawa ta tashi daga dandali ta hau dandamali. A shekarun 1970 rawar koroso ta yi suna a Kano. Ta haɗa takun Hausawa da na Fulani. Sunanta ya fito daga kacau-kacau ɗin da masu rawar suke ɗaurawa a ƙafa. A 1977 aka yi bikin FESTAC a Legas, inda baƙar fata na ƙasashe da yawa suka nuna rawarsu. A Kaduna aka yi hawan daba na wannan biki.

Abin da ake gudu

Rawa a jikin mutane take. Idan tsohon makaɗi ya rasu bai koya wa kowa ba, takensa ya tafi ke nan. Harin 'yan bindiga ya tarwatsa ƙauyuka, ya hana taron dare, ya raba makaɗa da garuruwansu. A 2024 an yi sulhu, an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe.

Duk inda hankali ya kwanta, ya kamata dattawa su nuna wa yara gaɗa da taken noma, da rana, a gaban iyaye, cikin ladabi. Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani duk suna da tsofaffin da suka san nasu kiɗan. A nemi waɗannan tsofaffi tun suna raye.