Bambance Sifa da Bayanau a Nahawun Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibai da yawa sun ɗauka duk kalmar Ingilishi da ta ƙare da ɗafa-ƙeyar -ly bayanau ce, wadda ba ta da ita kuwa sifa ce. Wannan zato yakan jawo kuskure a jarrabawa da wajen fassara. Abin da ke raba azuzuwan biyu shi ne aikin da kalma take yi a cikin jimla.

2.0 Aikin Kowannensu

Sifa tana bayyana suna ko wakilin suna. Bayanau kuwa yana ƙarin haske ne a kan aikatau, ko sifa, ko wani bayanau. Dubi waɗannan misalai:

1. Musa is a careful driver.
2. Musa drives carefully.

A jimla ta 1, careful tana bayyana direban, don haka sifa ce. A ta 2, carefully tana nuna yadda yake tuƙin, don haka bayanau ce.

A Hausa ana iya gane sifa daga alamar jinsi da adadi: farin doki, farar riga, fararen riguna. Sifar Ingilishi ba ta da wannan alama, white ce a duka ukun.

3.0 Inda -ly Take Ruɗarwa

A tsohon Ingilishi ɗafi biyu ne: -lic na gina sifa, -lice na gina bayanau. Daga baya suka haɗe suka zama -ly. Saboda haka, idan an ɗafa ta ga sifa, yawanci bayanau ake samu, kamar slowly. Idan aka ɗafa ta ga suna kuwa, sifa ake samu, kamar friendly da costly.

Akwai kuma kalmomin da ke aiki a azuzuwan biyu ba tare da sauya ƙira ba, kamar fast da late da hard. Ƙara musu -ly kan sauya ma'ana:

3. He works hard.
4. He hardly works.

Ta 3 tana nufin yana aiki tuƙuru, ta 4 kuwa kusan ba ya aikin komai. Mai fassarar da ya haɗa su ya mai da yabo zargi.

4.0 Bayan Aikatau Masu Haɗawa

Aikatau irin su be da seem da look da taste sukan haɗa suna da kalmar da ke bayyana shi. A nan sifa ke biyo baya:

5. She looked angry.
6. She looked angrily at him.

A ta 5 alamar fushi ce a fuskarta, a ta 6 kuwa kallon ne ta yi cikin fushi. Hanyar gwaji ita ce a maye gurbin aikatau da was. Idan ma'ana ta tsaya, kamar a ta 5, sifa ake bukata.

5.0 Kammalawa

Kafin ɗalibi ya yanke hukunci a kan ajin wata kalma, ya fara gano kalmar da take bayyanawa. Idan suna ne ko wakilinsa, sifa ce. Idan aikatau ne, ko sifa, ko wani bayanau, to bayanau ce.