Yadda ake gwada manhajar kwamfuta kafin a fara aiki da ita

Kafin a saki manhajar kwamfuta, masu rubuta ta kan tanadi wata ƙaramar manhaja wadda aikinta shi ne gwada babbar.

Maimakon rubuta gwaji daban ga kowane yanayi, sukan rubuta guda ɗaya, sannan wajen tayar da shi su ƙara kalmomin umarni a bayan sunansa.

Alal misali, a manhajar tattara sakamakon zaɓe, idan aka buga sunan gwajin aka biyo shi da "Ɗambatta/Makoɗa", zai jarraba zaɓen ɗan majalisar wakilai na mazaɓar. Idan kuwa aka sauya zuwa "shugaban ƙasa", sai ya jarraba wancan.

Muhimmancin jarraba kowane yanayi ya fito fili ranar 25 ga Fabrairun 2023, sa'ad da shafin IReV na hukumar zaɓen Najeriya ya karɓi sakamakon 'yan majalisa, amma ya shafe sa'o'i yana ƙin na shugaban ƙasa.

Hukumar ta ce manhajar tana jera sakamako ne ƙarƙashin jihohi, alhali zaɓen shugaban ƙasa ba na jiha guda ba ne.

Gwaji dai ba ya bankaɗo kuskure sai a inda aka umarce shi ya duba.