Mai Kwashe Kumfar Takarda

Duk wanda ruwan sama ya taɓa dukan takardarsa ta fotokwafi ya san rubutun ba ya zuba. Ba irin tawadar allo ba ce da ake wankewa a sha. Garin roba ne mai launi, wanda injin ke narkarwa da zafi ya liƙa shi a jikin takarda, dabarar da Chester Carlson ya fara gwadawa a Amurka a 1938. Ofisoshi sun ji daɗi, masu sake sarrafa tsohuwar takarda kuwa aka bar su da jidali.

A masana'antunsu na Jamus da sauran ƙasashen Turai akwai ma'aikacin da sana'arsa ke nan, raba takarda da wannan baƙi. Da farko a zuba takardun cikin ƙaton tanki da ruwa da soda, a dama su har su koma kamar kunu. Tawadar jarida takan saki cikin sauƙi. Ta fotokwafi kuwa sai ta ɓantare fale-fale, da zaren takarda maƙale a jikinta, don haka dole a bi da kunun ta injin murza ya farfasa ta.

Daga nan ne gwaninta ke fitowa. A tsinka kunun da ruwa har takarda ta zama kusan kashi 1 cikin 100, a sa sabulu, a hura iska ta ƙasa. Zaren takarda abokin ruwa ne, sai ya zauna. Roba ba ta shiri da ruwa, sai ta kama ƙwayar iska ta hau sama, ta taru ta zama kumfa mai ruwan toka, a kwashe. Wajen masu haƙar ma'adinai aka aro dabarar, su da suka daɗe suna tace tagulla da dalma haka.

Kwamfuta na auna farin kunun, amma idon ma'aikacin na kan kumfar. In ta yi yawa, zare mai kyau ne ke bin shara, asara ke nan. In ta kwanta, ɗigo-ɗigon baƙi zai fito a sabuwar takarda, mai saye ya dawo da kaya. Ɓarɓashin da ya yi girma iska ba ta iya ɗaga shi, wanda ya yi ƙanƙanta kuma ba ya kamuwa, shi ya sa ma'aikacin ba ya son ganin bugun firinta mai tawadar ruwa, wadda ɓarɓashinta ƙanana ne, cikin lodin da aka kawo masa. Dattin da ya kwashe a matse shi, a ƙona a samu wuta, ko a tura wa masu yin siminti da bulo.