Shin Ko Kun San? Wuƙar Aljihu, Bakinta da Ƙotarta

Shin ko kun san kusan kowace siffar ruwan wuƙar aljihu akwai sana'ar da ta haife ta? Ɗauki wuƙar makiyayan Amurka mai ruwa uku. Na farko dogo ne mai tsini, na yankan yau da kullum. Na biyu kaifinsa a miƙe yake, kansa ya sunkuyo, ana kiransa "kofaton tunkiya" domin da irinsa ake gyara kofaton tumaki. Na uku gajere ne mai dakusasshen kai, na fiɗiyar maruƙa. Da gangan aka hana shi tsini, don kada dabba ta zabura ya soke ta inda ba a nufa ba.

Shin ko kun san ɗan siririn ruwan nan da ake gani a ƙananan wuƙaƙe na marubuta ne? Da shi Turawan da suke fiƙe gashin dinya su yi rubutu, kamar yadda alaramma ke fiƙe alƙalaminsa. Rubutu da gashin tsuntsu ya wuce, wuƙar kuwa har yau "wuƙar alƙalami" Ingilishi ke ce mata.

A Faransa, wuƙar Laguiole ta samu ƙarin tsinken ƙarfe wajen 1840. In saniya ta cika ciki da ɗanyar ciyawa ta kumbura, da shi makiyayi zai huda ta iskar ta fita.

Wuƙar Okapi kuwa a Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, don yankunan da Jamus ke mulka a Afirka. A 1988 masana'antar ta koma Afirka ta Kudu.

To, ƙota fa? Nan ne mutane suka fi sakaci. Wuƙar Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890, ƙotarta ta itace ce. Da ta sha laima sai ta kumbura ta cije ruwan, ka ja da farce har farcen ya karye. Mutanen Savoie ta Faransa, inda ake ƙera ta, ba sa kokawa da ita: ƙwanƙwasa gindin ƙotar suke yi a bakin tebur, ruwan ya leƙo da kansa.

Ƙaho da ƙashi kuma bushewa ce ajalinsu. Wanda ya ga yadda hunturu ke tsaga diddige ya san abin da zai yi wa ƙotar ƙaho. Ɗigo biyu na man keken ɗinki a tsumma, a shafe ta, a ɗiga ɗaya a mahaɗa. Ban da man gyaɗa, don yakan daskare ya yi danƙo. Kuma a goge ruwan tas kafin a yanka mangwaro.

Tsoffin ƙotocin robar seluloyid sun fi kowa mugun hali. In sun fara ruɓewa wani tururi suke fitarwa, ya cinye ruwansu da tsatsa, ya kuma shafi duk wuƙar da aka ajiye tare da su a akwati ɗaya.