Kufena a Bakin Teku

Ka ɗauki Dutsen Kufena, ka ƙara masa tsayi ya kai mita 426, ka dasa shi a cikin teku, ka bar masa ɗan siririn wuya na rairayi irin wuyan gora ya riƙe shi da Sifaniya. To, ka gina Jibraltar ke nan. Faɗinta duka bai cika murabba'in kilomita bakwai ba. Mai keke zai zaga ta kafin wake ya nuna a tukunya. Sunan ma ba baƙonmu ba ne: Jabal Ɗariƙ, don Ɗariƙu bn Ziyad da ya tsallako daga Maroko a shekarar 711. Bakin Turawa ne ya tauna shi. Tun 1713 kuwa a hannun Ingila take.

Sai dai Kufena dutse ne dunƙulalle. Na mutanen Jibraltar kuwa irin wanda ake ƙonawa a yi siminti ne, ruwa ya cinye cikinsa kamar yadda gara ke cin azara, kogo kan kogo. Sojoji suka zo suka ƙara haƙa ramuka sama da kilomita 50, ya koma suri sosai.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ruwa. Teku ta dama, teku ta hagu, amma ko ɗan rafi irin Kubanni ba su da shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Me suka yi? Abin da kowace uwargida ke yi idan hadari ya haɗo: a jera bokiti a gindin indararo. Suka shimfiɗa kwanon rufi a gangaren gabas, fallen kan fallen, ruwan sama ya zuba ya gangara cikin manyan tankuna da aka fafe a cikin dutsen, randar gari guda. Yanzu an kwashe kwanon, injuna ke tace ruwan teku su raba shi da gishiri. Har yau randa biyu gare su: ta sha daban, ta gishiri kuma ita ake kora ban-ɗaki da ita.

Idan iskar gabas ta taso, gajimare kan zauna a kan dutsen kamar rawani. A ƙarƙashin rawanin nan birai ke zaune, su kaɗai ne biran daji a Turai duka, suna jiran baƙon da zai yi sake da jakar abincinsa.