Bin Sawun Yara 26

Ranar 8 ga Nuwamban 2015 Najeriya ta ci Mali 2-0 a ƙasar Chile, ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 karo na biyar. Victor Osimhen shi kaɗai ya zura ƙwallo 10 a gasar. Wata tara kacal bayan haka, a Agustan 2016, Nijar ta yi waje da ita tun a wasan share fage. An ci Nijar 1-0 a Abuja, aka je Yamai ta rama da 3-1. Masu riƙe da kofi ba su ko leƙa gasar Afirka ba, balle ta duniya. To me ya faru?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce su Osimhen sun girma sun wuce. Haka ne, amma wannan doka ce da ta hau kan kowa, har Nijar ɗin. Ko laifin koci ne? Da wuya. Manu Garba ne ke riƙe da yaran, shi ne kuwa ya ciwo kofin 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda aka lallasa Meziko 3-0 a wasan ƙarshe. Bakin zaren yana wani wuri daban. Ana saura 'yan kwanaki a buga wasan Abuja aka sallami yara 26 daga sansani a tashi ɗaya, ba rauni, ba rashin ɗa'a. Koci ya wayi gari da ragowar da zai harhaɗa.

Abin da ya kore su ƙashin hannunsu ne. Tun daga gasar 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙuncinta har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, hukumar FIFA ta shigo da hoton na'urar MRI. Ana ɗaukar wuyan hannun hagu. A ƙarshen ƙashin damtse na ƙasa, daidai inda agogo ke zama, akwai wani siririn guringuntsi da ƙashi ke tsawo ta wurinsa. Yaro na girma yana ƙanƙancewa, har ya rufe ruf. Likitoci sun kasa rufewar mataki shida. Wanda ya kai na shida, binciken likitocin FIFA ya ce kashi 99 cikin 100 ya haura 17. Sai ya ɗauki jakarsa. A shekarar 2009 ɗin ma yara 15 Najeriya ta ajiye kafin a fara gasa.

Da nan maganar ta tsaya da an huta. Amma yaran nan kowannensu ya shigo sansani da takarda a hannu, mai hatimi da sa hannu, tana cewa bai kai 17 ba. Ƙashi ya ce kaza, takarda ta ce kaza. Ƙashi ba ya zuwa kotu ya yi rantsuwa, saboda haka takardar za a bi. Kuma tsohon ciwo ne: a 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, ta ƙwace mata baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar 'yan wasa uku a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka taɓa rubuta musu a baya.

Ina ake haihuwar irin wannan takarda? Ba a Abuja ba. Wanda ke son ganin yadda ake yi, ya zo irin garuruwanmu, Anka ko Bukkuyum ko Gummi, ya zauna kusa da teburin hedimasta ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya.

Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, kuma karkarar arewa maso yamma tana ƙasa da wannan. Yaron da aka haifa a ɗaki, ungozoma ta yanke cibi, aka yi suna ranar bakwai, babu inda aka rubuta shi. Ranar da aka kawo shi makaranta malam zai dube shi sama da ƙasa, ya ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne, sannan ya rubuta shekara shida. Ranar haihuwa kuwa, 1 ga Janairu. A buɗe rajistar kowace firamare ta ƙauye a ga yawan waɗanda aka haifa ranar sabuwar shekara. Nan babu mai niyyar cuta. Yaron na iya zama ɗan tara, ya fara yin allo ko kiwo ne kafin a sako shi boko.

Kuma a yankinmu shekaru na zubewa a hanya. Iyalai sun bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga sun koma cikin Anka da Gummi. A Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun jihar gaba ɗaya bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun. Saurayi mai gemu a aji biyar na sakandare ba abin mamaki ba ne a nan, kuma ɗalibi ne na gaskiya, yana share aji yana shan bulala kamar kowa. Wannan kashi na farko ke nan: waɗanda takardarsu ba daidai ba ce, su ma ba su sani ba.

Kashi na biyu sun sani sarai. Yaro ya iya taka leda, wani mai ido ya gan shi a filin unguwa, ya ce masa, "Ƙanena, da ƙafar nan taka za ka je Turai, amma shekarunka sun yi yawa." Washegari a tafi kotu da wani da zai tsaya a matsayin kawu, a biya 'yan kuɗi, a fito da takardar rantsuwar shekaru. Da ita za a yi lambar NIN, da NIN a yi fasfo. Kowace takarda ta gaske ce, ofishin gaske ya ba da ita. Ta farkon ce kawai ke da ƙarya a ciki, sauran duk sun gāje ta. Shi ya sa duba takardu, komai tsananinsa, bai kama yaran da na'ura ta kama ba.

Saura tambaya ɗaya, mai ɗan nauyi. A ina yaro ya koyi cewa wannan ba abin kunya ba ne?

A filin makaranta. Duk wanda ya taɓa zama malamin wasanni ya san sojan haya. Gasar makarantu ta matso, shugaban makaranta na son kofi a ofis, sai a ɗauko wanda ya gama shekara biyu da suka wuce yana kabu-kabu a tasha, a aske masa gemu ƙwal, a ba shi rigar makaranta da sunan wani yaro mai rajista. Ko a yi canjin makaranta na takarda: yaro na karatu a wancan gari, a rubuto masa takardar sauyi ana saura mako guda, in an gama gasa ya koma inda ya fito. Daga Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas tafiyar yini ɗaya ce da dawowa, amma ta isa a ce ba kowa zai gane fuska ba. Haka ake yi a ƙwallon ƙafa, haka a tsere, haka a ƙwallon kwando, inda tsawo kaɗai kan raba gardama. Gasar kwando ta Milo ta makarantun sakandare, wadda ake yi tun 1999, sai an tantance 'yan wasa kafin a shiga fili, don an san halin mutane.

Tantancewar da ke kama ɓarawo kuwa ba ta cin ko sisi. A jera yara a inuwa, malami ya riƙe rajista, ya tsaya gaban wanda ya fi kowa faɗin kafaɗa.

"Kai yaro, wane aji kake?"

"Aji biyar, Malam."

"Wa ke koya muku lissafi?"

Shiru. Sai ya saci kallon na kusa da shi.

"To wa ke zama kusa da kai a benci?"

Nan take zance ya ƙare. Sojan gona na iya haddace suna da ranar haihuwa, amma ba ya haddace ajin da bai taɓa shiga ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, inda kowace haihuwa ke rubuce, jihar Texas ta hana wanda ya cika 19 kafin shigowar zangon Satumba buga wa sakandare wasa, kuma wanda ya sauya makaranta don wasa kawai sai ya yi zaman shekara guda kafin ya shiga babban tim. Duk da haka a 2010 aka kama wani ɗan shekara 22 yana buga wa makarantar Permian da ke garin Odessa ƙwallon kwando a matsayin ɗan 16, da suna na aro. Takardunsa sun wuce kowane tebur. Masu horarwa daga Florida ne suka gan shi a wata gasa suka ce ai wannan mun san shi, ya gama sakandare a wajenmu tun 2007. Daga baya hoton yatsu ya tabbatar.

Sanin mutum, ashe, ya riga na'ura. Ita na'urar ma iyakarta ta ce ƙashi ya rufe ko bai rufe ba. Ba ta faɗin shekara. Akwai ɗan 16 na gaskiya da ƙashinsa ya yi saurin rufewa a kore shi a banza, akwai ɗan 19 da nasa ya yi jinkiri ya tsallake. Kuma tsoronta bai hana komai ba: a ƙarshen 2022 Kamaru, ƙarƙashin shugaban hukumar ƙwallonta Samuel Eto'o, ta gwada yara 30, 21 suka faɗi. Uwar yaro a Bagega ko Dareta ko 'Yargalma ta fi ta daidai. Ba ta san kwanan wata ba, amma za ta ce maka, "Shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara, likitocin Turawa suka zo, ina goye da shi." Wannan 2010 ce, lissafi ya fito. Mai unguwa ya sani, limamin da ya raɗa suna ya sani, sa'o'insa da aka yi musu kaciya tare sun sani.

To in kowa ya sani, me ya sa sai an kai Abuja, an kwantar da yaro cikin na'urar miliyoyin naira, sannan gaskiya ta fito? Amsar tana bakin layi, minti biyar kafin a hura usur. Malamin wasannin wannan makaranta ya hango mai tsaron bayan abokan karawa, ya gane shi sarai, don shi ya koyar da shi shekarun baya. Ya nufi takwaransa rai a ɓace zai shigar da ƙara. Takwaran ya tare shi da fara'a, ya kama hannunsa, ya ja shi gefe.

"Malam, lafiya dai? Na ga lamba taranku. Ina ce bara na sha ɗaurin aurensa?"

Aka gaisa, aka tambayi iyali, kowa ya koma bencinsa, alƙalin wasa ya hura.