Tsohon bashin banki a Ingila: yaushe ƙofar kotu ke rufewa?



Cikin tambayoyin da ke zuwa mana daga gidajen 'yan zango mazauna Birtaniya akwai ta tsohon bashin banki. Mutum ya buɗe asusu, banki ya ba shi damar cire kuɗi fiye da abin da ke ciki, wato obadiraf. Aiki ya tsaya ko ciwo ya kwantar da shi, ya kasa mayarwa, banki ya rufe asusun. Bayan shekaru sai ga wasiƙa daga kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba, wai ana binsa fam ɗari takwas. Kamfanonin nan sayen tsofaffin basussuka suke yi daga bankuna da araha, sannan su bi mutane. Doka ta yarda da hakan, amma ta yanka musu wa'adi.

A Ingila da Wels, dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara ta 1980 ta ba mai bin irin wannan bashi shekara shida ya kai ƙara. Idan shekara shidan suka cika bai kai ba, wanda ake bi yana da ikon cewa lokaci ya wuce, kotu kuma ba za ta tilasta masa biya ba. Mutane da yawa sun ji labarin shekara shidan. Wurin ƙirga su ne ake yin tuntuɓe.

Ba a farawa daga ranar buɗe asusu, ko ranar da aka ci kuɗin. Obadiraf bashi ne mara ranar biya, sai banki ya nema. Saboda haka galibi ana ƙirgawa ne daga lokacin da banki ya rubuto yana neman a biya shi duka, kuma wannan takarda na iya zuwa watanni bayan mutum ya daina taɓa asusun. Sayar da bashin ga wani kamfani ba ya sabunta ƙirgan, ko sau nawa aka sayar. Tafiya gida Kumasi ko Tamale ma ba ta tsayar da shi.

Abu biyu ne ke mai da ƙirgan farko: biyan wani abu daga cikin bashin, komai ƙanƙantarsa, da amsa bashin a rubuce da sa hannu. Saƙon imel ma yana iya shiga ciki. Magana ta waya kaɗai ba ta shiga. A misali, banki ya nemi kuɗinsa a watan Maris na 2018, mutum ya yi biyansa na ƙarshe a Yuni 2019. Wa'adin zai cika a Yuni 2025. Amma da ya tura fam biyar a Janairu 2025 don a daina damunsa da waya, to ya ɗaga wa'adin zuwa Janairu 2031. Nan ne kunyarmu ke cutar da mu. Dattijo ba ya son a ce ya yi wa mai binsa shiru, sai ya ce wa ɗansa, "Tura musu ɗan wani abu su san ba gudu muka yi ba." Idan kuma asusun na haɗin gwiwa ne, kamar na miji da mata, biyan da ɗaya ya yi yana sabunta ƙirgan a kansu duka biyun, alhali amsawa a rubuce mai rubutun kaɗai take ɗaurewa.

Duk bayanin nan yana aiki ne idan ba a riga an kai ƙara ba. Idan kotu ta yanke hukunci cikin wa'adin, wanda ake kira CCJ, maganar shekara shida ta sauya: hukuncin yana nan daram, sai dai bayan shekara shida mai bin bashi yana buƙatar izinin kotu kafin ya turo masu ƙwace kaya. Ana kuma iya yanke hukuncin mutum bai sani ba, domin adireshinsa na ƙarshe da aka sani ake aika wa takardun. Mu da muke yawan sauya gida, ko mu je gida mu yi wata shida, sai mu kiyaye. Akwai rajistar hukunce-hukuncen a intanet, ana duba ta da kuɗi kaɗan.

Malamanmu za su tambaya: to bashin ya faɗi ke nan? A dokar Ingila bai faɗi ba, ƙofar kotu ce kawai ta rufe. Mun san nauyin bashi a addininmu, kuma ba ma ba mai hali shawarar ya laɓe yana ƙirga shekaru. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Abin da ya kamata a sani shi ne, da zarar wa'adin ya cika, biyan da aka yi daga baya ba ya sake buɗe ƙofar kotu. Wanda yake son sauke nauyin yana iya biya gwargwadon ƙarfinsa ba tare da ya miƙa wa kamfani wuƙa ba. Batun raba uwar kuɗi da ruwan da aka ɗora mata kuwa, wannan na malamai ne.

A Sikotland wa'adin shekara biyar ne a ƙarƙashin dokarsu ta 1973, kuma can bashin kansa ne yake mutuwa a idon doka. A Ghana ma dokar 1972 ta sa shekara shida ga ƙarar bashi na yarjejeniyar yau da kullum.

Idan wasiƙa ta zo, kada a biya ko a rubuta komai sai an gano ranar da banki ya nemi kuɗinsa, da ranar biya na ƙarshe, da ko akwai hukuncin kotu. National Debtline da StepChange da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, kuma akwai samfurin wasiƙar da ake aikawa ba tare da an amsa bashin ba. Ƙa'idar hukumar FCA ta hana kamfani ci gaba da neman biya bayan mutum ya sanar da shi cewa wa'adi ya wuce kuma ba zai biya ba. Idan kamfanin ya musa, shi ne zai kawo hujja.

Takardar sammaci daga kotu kuwa ba a ajiye ta a ƙarƙashin tabarma. Kwana 14 ake bayarwa a mayar da amsa, kuma alƙali ba zai ƙirga shekarun da kansa ba. Sai wanda ake ƙara ya rubuta a cikin amsarsa cewa lokaci ya wuce, in ba haka ba a yanke masa hukunci ko da bashin ya shekara goma.